Jaki Mai Ƙafa Uku

A ƙasan akwatin Kawu Tanimu,
ƙarƙashin rasiɗan haraji da tsohuwar rigar sanyi,
na tarar da garke guda, babu makiyayi,
kwance cikin littafi mai layi-layi.

Malamin allurar dabbobi ne a Bukur.
Albashi ba ya ganin ƙarshen wata,
fensir kuwa sai ya koma guntun ɗan yatsa
kafin ya yarda ya sayi wani.
Da reza yake fiƙe shi.

Ga saniyar Ardo Jaɓɓo, bunaji, ƙaho ɗaya a karkace,
tozo ya kwanta gefe kamar hular matafiyi.
A ƙasa ya rubuta: "Ta faɗa ramin kuza da damina.
Mu tara muka ja. Ba ta fito da rai ba."

Ga akuyar Ngo Kachollom ta yi ɗage,
tana leƙen gonar acca ta saman ƙyarana.
Wannan bai rubuta mata komai ba,
idon da ya yi mata ya isa:
idon wadda ta saba shan jifa.

Zabi biyar. Ya bi su da ɗigo ɗaya bayan ɗaya
har na ga inda haƙurinsa ya ƙare:
na biyar fari ne fat.

Inda yake son inuwa, babban yatsa yake sawa
ya murza baƙin fensir a haƙarƙarin bijimi.
Shatin yatsan yana nan.
Na ɗora nawa a kai. Nasa ya fi faɗi.

Shafin ƙarshe, jaki ne mai ƙafa uku.
Ko ruwa ne ya kece, irin na Jos mai ƙanƙara,
ko kira aka yi, wata karsana na naƙuda a Kuru,
ko jakin ne ya gaji ya yi gaba,
ban sani ba.

Jiya na bi ta inda rugar take.
Gidan bulo ne yanzu, da wurin wankin mota.
Na tambayi yara uku labarin Ardo,
suka nuna mini wani mai sayar da katin waya.

Da daddare Hajjo ta ɗauko fensirinta na makaranta.
"Baba, bari in ƙarasa masa ƙafar,
ya daɗe a tsaye."

Na buɗe baki zan hana,
sai na ga ta karkata kai, ta lashi bakin fensir,
yadda aka ce shi ma yana yi.

Na matso mata da fitila.