Abin da Baba Ya Bari a Bakina

Tun ina 'yar aji uku a Bolari
aka raɗa mini suna, ba rago, ba goro:
"Ga Mai Dasashi nan!"
In na yi dariya sai leɓena ya ɗage
kamar labulen da iska ta yaye,
haƙora 'yan ƙanana a ƙasa,
jan nama a sama, ya fi su faɗi.
Na koyi dariya da tafin hannu,
na girma, na koma gefen mayafi.
Hoton gama makaranta, hoton kama aiki,
duk bakina a ɗinke kamar mai bin bashi.

Sai da na kai talatin da ɗaya na kai kaina
asibitin koyarwa, ɗakin haƙori.
Likita Rifkatu, 'yar Kaltungo,
ta kunna fitila, ta ce, "Yi dariya, Malama."
Na ce, "Haka kawai?" Ta ce, "To, tuna wani abu."
Na tuna ranar da akuya ta cinye mini rajista.
Ta ɗora ɗan ma'auni, ta ƙirga:
milimita biyar.
Ashe abin da na yi shekaru ina ɓoyo
bai kai tsawon ƙwayar wake ba.

Ta ce, "Ba cuta ba ce, amma da dalili.
Wani muƙamuƙin sama ne ya zarce,
wani dasashin ne ya ƙi janyewa,
ya zauna kan haƙori kamar baƙon da ya manta hanyar gida.
Wani maganin hawan jini ko na farfaɗiya
ke kumbura masa shi.
Ke kuwa tsokar leɓenki ce mai zumuɗi,
a ce ta ɗaga kaɗan, sai ta ɗage duka."

Na ce, "Magani fa?"
Ta ce, "Wani a datse naman, wani a ɗaura waya,
wani sai an taɓa ƙashi, wannan sai an kwanta.
Naki allura ce a gefen hanci,
tsokar ta yi lamo. Amma barci ne:
wata huɗu, ta farka."
Na zuba kuɗin adashina.
Sauro ma ya fi ta cizo.

Mako biyu, madubi ya miƙo mini wata mace
mai murmushi tsaf kamar ɗinkin keke.
Na shiga aji ina dariya, hannuna na kan allo.
Ba zan yi ƙarya ba, na ji daɗi.

Sai suna ya kai ni Dukku.
Goggo Dudu tana dama fura tana ba da labari,
aka kwashe da dariya, har da ni.
Ta tsaya, ludayi a hannu, ta dube ni ta daɗe.
"Ke Dijatu, ina kika kai ƙanena?"
Ban gane ba.
Ta ce, "Shekara ashirin da rufe Hammadu,
in kewarsa ta taso sai in ba ki dariya.
Haka yake buɗe baki a tike in ciniki ya faɗa,
dasashi a waje, har wanda aka tsuga wa kuɗi sai ya dara."

Hotonsa ɗaya gare mu,
na fasfon Hajjin da bai samu zuwa ba,
ya tsuke baki, ya murtuke.
Ashe ni ce ɗaya hoton.

Yau wata huɗu saura kwana shida.
Da safe ina wanke baki sai na ga jan layi
ya leƙo, siriri kamar jinjirin wata.
Katin Likita Rifkatu na cikin jaka: Talata, ƙarfe goma.
Kuɗin ma na haɗa.
Motar Dukku kuma da hantsi take tashi.
Na tsaya gaban madubi, buroshi a hannu,
na ce, "Sannu da zuwa, Baba."
Sai ya ƙara buɗewa.