Kalmomi Uku a Kan Allo

Ran Talata, aji biyu, bayan an dawo tara,
na rubuta kalmomi uku na Turanci a allo,
na buɗe ƙamus ɗin da gara ta cinye bangonsa.
Ta farko, siriri. Ta biyu, siriri.
Ta ukun ma siriri.

Sahura ta ɗaga hannu daga bencin baya,
can inda kwano ya ɓule, rana ke ɗigowa:
"Malam, in duk abu guda ne,
me ya sa Bature ya yi asarar yawu har sau uku?"
Na ce ku dai haddace, suna fitowa a jarrabawa.
Aka kaɗa tsohuwar garmar da ke rataye a dalbejiya,
ita ta cece ni.

Ran Alhamis na roƙi hedimasta izini,
na ja akuyata zuwa Maigatari,
don albashi ya yi nisan kiwo.
Mati dillali ya karɓi igiya, ya shafa gadon bayanta:
"Ba ta da jiki ne kawai, ƙirarsu ce,
haka uwarta take."
Mahaucin Gumel ya latsa kwiɓinta da yatsa biyu,
ya tsartar da yawun goro: "Ramammiya dai."
Wani tsoho mai awon dusa, ba wanda ya tambaye shi,
ya ce, "Zabgewa ta yi, biyu ta shayar.
Ku ba ta harawa mako uku ku sha kallo."
Akuya tana ta tuƙa, ba ruwanta.
Amma tsakanin bakin Mati da bakin mahauci
sai da na ƙirga naira dubu shida.

Na dawo da magariba da igiya a aljihu.
Ilu ƙanena na kwance a zaure,
kwana tara ke nan da saukowarsa daga Ikko
da tari, da jaka wadda ba ta da nauyi.
Mata sun shigo sannu, na ji Inna tana ce musu,
"Ya ɗan faɗa ne, wahalar hanya."
Ɗan faɗa.
Ta ɗauki kalmar kamar mai ɗaukar ƙwai a tafin hannu.

Sai da dare ya raba, fitila ta rage ido,
ta same ni a bakin rumbu.
Ba ta kalle ni ba, ta ce,
"Yaron nan ya yi zuru-zuru."
Wannan ba ta baƙi ba ce.
Wannan ita ke nufin a sayar da ɗayar akuyar,
a nemi mota zuwa asibiti kafin rana ta take.

Ran Litinin ban ɗauki ƙamus ba.
Na sake rubuta ukun nan, alli yana karyewa,
na ce: wannan, in kun faɗa wa mutum a gabansa
zai yi murmushi ya gyara wuyan riga.
Wannan kuwa sai ya ba da baya ake faɗinta,
in ta koma kunnensa, an yi ta ke nan har Sallah.
Na tsaya a kan ta ukun.
Na daɗe.
Na ce, ita wannan, Allah ya sa
ku san ta a takarda kaɗai.

Aji ya yi tsit, har ana jin awaki a bayan katanga.
Sai Sahura, daga ƙarƙashin ɗigon ranarta,
ta auna ni tun daga hula har silifa:
"To Malam, kai wacce ce taka?"

Dariya ta ɓarke, har ni.
Na ja bel ɗina, wanda na ƙara wa huda jiya da ƙusa,
na ce ku buɗe shafi na arba'in.