Babur a Takarda

Shekara uku ke nan da na sayar da shi,
jan Jincen mai tsagaggen siti,
a Kwangila, gaban mai shayi.
Sallau ya lashi yatsa ya ƙirga kuɗi,
muka tafa, ya tayar, ya nufi Giwa.

Kuɗin sun narke a kwanon rufi da maganin Inna.
Babur ya bar ni,
ashe sunana ya ɗare bayansa.

Jiya takarda ta same ni a Tudun Wada:
wai bashin lasisi, wai tara,
wai na keta doka a Ƙofar Doka
ranar da zazzaɓi ya hana ni ko alwala.

Na je ofis a Sabon Gari.
Teburi na ɗaya ya tura ni na huɗu,
na huɗu ya tafi azahar tun hantsi.
Wata mai tabarau ta ce, “Kawo babur ɗin.”
Na ce na sayar.
“Kawo mai saye.”
Wasu sun ce yana Ikko, wasu Maraɗi.
“To kawo shaidar ba ka da shi.”

Baiwar Allah, a wace jaka ake zuba babu?

Kwamfuta ta ce nawa ne.
Ina cikin rantsuwa wuta ta ɗauke.
“Dawo Litinin, da hoto biyu.”

Na fito na tsai da ɗan acaɓa,
ɗari uku zuwa gida, ba ragi.
Ina bayansa, riƙe da hula,
ina leƙen lambar duk jan babur da ya wuce.