Ɗigo a Ruwan Randa

Tun ladanin Bagalam bai gyara murya ba
na hura gawayi, na ɗora tukunya:
sukari tiya guda, ruwa rabin moɗa,
da ɓarin lemun tsami, kar ta koma tsakuwa.

Riɗin tun jiya da la'asar na soya shi.
Gujiyar, Sahiya ce ta murje ta sheƙe,
ga ta can tana barci, ɓawo a gashin kanta.
Ni da ludayi kaɗai muke jiran tafasowa.

Sukari ba ya son a raba masa hankali.
Juya baya ki amsa sallama,
ki dawo ki tarar ya haɗe rai ya yi baƙi,
ɗaci ya shige shi, ba lallashi, ba gyaruwa.

Gwaggo Tambara ba ta san agogo ba.
Ta ce: ɗiga ɗigo ɗaya a ruwan randa.
In ya watse, da saura.
In ya dunƙule, ya ce ƙas a haƙori,
sauke, ƴar nan, wuta ta gama nata,
abin da ya rage na hannuwa.

Tabon da ke wuyan hannuna na hagu
shi ne takardar da na fito da ita makarantarta.

Na shafe faranti da mai, na juye, na daddanna,
na yanka tun da ɗumi, kafin ta yi taurin kai.
Lawali yana liƙe bakin leda da harshen kyandir,
yana ƙirge da ƙarfi, yana sata da ɓoyewa.

Kabu-kabu ya ajiye ni a filin baje koli,
faranti bisa cinya, zuciya bisa faranti.
Jika biyu kuɗin rumfa, tun ban sai da ko ɗaya ba!
Dama da ni baduku, ya rataye jakunkuna,
hagu da ni mai tukwane daga Jiratawa,
gaba masaƙi ya baza luru kamar gonar da aka yi wa kunya.
Kowa ya zo da abin da jika zai gada.
Ni na zo da abin da zai narke
kafin mai shi ya kai ƙofar fita kasuwa.

Na ji kunya, wallahi. Na ja faranti baya.

Wani mai babbar riga ya yi sa'a guda
yana shinshina fata, yana taya jaka,
ya tafi bai saya ba,
sai kantu na dala biyar da ya jefa a baki yana wucewa.

Azahar ta yi, Malam Ila baduku bai buɗe ciniki ba.
Na miƙa masa gutsure. Ya tauna, ya daɗe bai ce komai ba.
Can ya ce: Ke kin fi mu dabara.
Wanda ya sayi jakata, sai bayan shekara goma
zan sake ganin ƙeyarsa.
Naki, gobe da hantsi yana dawowa.

Na tura faranti gaba.

Rana ta so ta lanƙwasa tuwon madara,
na bi inuwa da shi, taki ɗaya, taki biyu.
Canji ya ƙare, na biya wata da alewa,
ba ta yi fushi ba, ɗanta ma har da rawa.

Da dare, bisa tabarma, silalla na manne wa yatsu.
Na ware na sukari, na gawayi, na rumfa, na kabu-kabu.
Jika ɗaya da dala arba'in suka tsaya suna kallona.
Ba yawa. Amma nawa ne.

Na jiƙa tukunya a gindin rariya.
Tururuwa har sun ja layi,
su da ba su biya kuɗin rumfa ba,
sun zo karɓar rabonsu na kasuwa.