Tabkin Gindin Ɓaure

Garinmu na bisa dutse, arewa da Gwadabawa,
inda jaki ke hawa yana nishi,
jarka biyu a bayansa, rabi ya zube a hanya.
Sama tsakuwa ce da geza.
Ƙasa, can gindin ɓaure, nan ne ruwa.

Tabki guda gare mu, ba na biyu.
Da hantsi na mata ne da kayan wanki,
da azahar na yara ne, tsulum kamar kwaɗi,
da la'asar Jodi ya gangaro da garke,
saniya ta tsoma ƙafa har gwiwa,
ta sha ta gaba, ta mayar ta baya,
duk cikin ƙwarya ɗaya ta kowa.

Ina da shekara tara na ga ja a fitsarina,
kan farar ƙasa, bayan dangar Nomau.
Na sheƙa gida ina kuka.
Kawu ya yi dariya har rawani ya kwance:
"Kai wanga yaro, ka zama namiji!
Wa ya girma garin ga bai yi tsargiya ba?
Zahin rana na. Sha jiƙon sabara, tahi wasa."
Na share hawaye, na koma ruwa.

Yau ni ke riƙe da alli a makarantar garin.
Ran da ma'aikatan lafiya suka hauro kan babur,
ni na tsayar musu da sandar awo,
yaro ya jingina, tsawonsa ya faɗi yawan ƙwayarsa.
Labbo ɗan aji biyar ne, sanda ta ce ɗan aji biyu.
Na ja fatar idonsa ƙasa, fari fat kamar tsala.
Ya ci ɗumame, ya runtse ido,
ya yi ta fama da haɗiyewa.

Malama Hajo ta ja ni bakin tabki,
ta naɗe zane, ta sa tsinke ta juya ganyen bado.
"Duba," in ji ta. Katantanwa ce,
ba ta fi ƙwayar wake ba.
"Ga masaukin baƙonku.
Yaro ya tsuguna a ruwa, ƙwai ya fashe,
abin ya shige nan ya yi ƙarfi,
ya fito ya ratsa fatar mai wanka ba sallama.
Shanu ma suna da irin tasu,
kashinsu kuma taki ne ga ciyawar
da wannan 'yar ke maƙalewa."

Na tari Jodi da yamma, da ilimina sabo dal.
Na ce ya kau da garke, ya bar wa mutane tabki.
Ya dogara sanda a ƙugu, ya dube ni:
"Malam, sa ba ya shan alli.
Burtalin gabas kun shuke shi da gero,
famfon da aka gina muku, damina uku yana barci.
'Ya'yanku na fitsari inda shanuna ka sha,
ban taɓa kai ƙara ba.
Nuna mini wani ruwan, ko dare ne ina zuwa."

Ban sami abin cewa ba.
Na ce, sai da safe. Ya ce, mu kwan lafiya.

Wata shida da shan magani, bazara ta kama,
dutse ya yi zafi har ƙadangare na ɗage ƙafa.
Labbo ya zo bayan aji, ya tsaya yana murza riga:
"Malam, jan nan ya dawo."
Na buɗe baki zan yi faɗa,
sai na ga ƙafar wandona, jiƙe har ƙwauri.
Da safen nan na yanke ta tabki don kar in makara.

Yanzu muna tara kuɗin famfo a gwangwanin madara,
Jodi ya sa kuɗin ɗan akuya, ni rabin albashi.
Makaniken Sakkwato ya ce ran Laraba.
Laraba huɗu ke nan.
Daga tagar aji ina jin su can ƙasa,
ihunsu da daɗi, wallahi da daɗi,
suna faɗawa ruwa.