Mutumin Takarda

Buhu tamanin da huɗu na farin wake
Baba Jalo ya ɗora wa tirela a Tudun Hatsi.
Aka ba shi rasit mai shuɗin hatimi,
aka ce ya dawo ranar Laraba.
Larabar nan, bana shekararta shida.

Ni ce Dudu, 'yarsa ta uku.
Saboda ni gonar Kwadon ta bar hannunsa,
don in karanta doka.
Daren jiya babu wuta a Jekadafari,
na haska fitilar waya kan littafi mai kauri,
ya ce, "Juya mini da Hausa,
in ji abin da na saya."

Na ce, "Baba, akwai wani tsohon hukunci,
ya girmi kakanka, daga ƙetaren teku ya zo.
Alƙalai suka ce kamfani mutum ne:
yana saye, yana cin bashi,
ana kai shi ƙara, shi ma yana kaiwa,
amma aljihunsa daban da na mai shi."

Ya ajiye goron da ya ɓara.
"Mutum? Wa ya raɗa masa suna?
An yanka rago?
A wane sahu yake tsayawa ran Juma'a?
Ni Alhaji Gidado na sani,
hannunsa na kama, da ɗuminsa.
Shekaranjiya ya wuce ni a Tashar Dukku,
mota mai baƙin gilashi, ko ɗaga hannu.
Kamfanin kuwa wai ya rasu,
gadonsa kujera biyu da sikeli mai tsatsa."

Na lashi yatsa, na buɗe gaba.
"Akwai wani hukuncin.
In aka rataya kamfani don ya zama labule,
a ɓoye zamba a bayansa,
kotu na iya yaye shi
ta ga wanda ke tsugune."

"Na iya?"
"Na iya, Baba. Sai da hujja."

Ya shiga ɗaki ba sallama,
ya fito da rasit a naɗe cikin leda uku,
tawadar ta koɗe kamar tsohon lalle,
sa hannun dai yana nan, da doguwar wutsiyarsa.

Kafin cajin ya ƙare na karanta masa
na tsarin mulki, wanda na fi so:
ba a yanke wa kowa hukunci
sai an ji ta bakinsa,
ko da mai ƙarar gwamnati ce da kanta.

"Har Gidado?"
"Har shi."

Ya daɗe yana kallon katanga.
Sauro na kuka, janaretan maƙwabta ya yi tari ya mutu.
Can ya ce, "Ranar da aka rushe rumfata ta farko
ba wanda ya tambaye ni komai.
To, a ji ta bakinsa.
Ina so ma in ji."

Wayar ta ɗauke. Muka zauna cikin duhu.
"Saura shekara nawa ki sa baƙar rigar?"
"Biyu, in ba a tafi yajin aiki ba."

"Wake ma yana kai biyu,
in an zuba masa toka da barkono.
Sa rasit ɗin a littafinki,
a shafin labulen nan.
Kada ki lanƙwasa gefensa."