Mai Tabarau, Daga Kusiri Zuwa Gaundare

Na bar Kusiri da asuba, akwatin tabarau a cinya,
kogin Logon na tururi kamar an buɗe tukunya.
A garinmu ba a taya kaya sai an sha shayi.
Abakar Jidda ya gwada goma sha ɗaya,
ya rantse da rawaninsa ba shi da ko sefa ɗari,
sannan ya sayi biyu.

A Marwa aka koya mini kara.
Na ce wa wani dattijo, "Baba, idonka ya gaji, ga magani."
Rumfa ta yi tsit.
Ashe nan ba a nuna wa mutum raminsa.
Da la'asar jikansa ya ɓullo ta bayan dalbejiya,
ya raɗa mini, "Wai wani maƙwabci ne ke so."
Na auna wa maƙwabci
daidai idon kakan.

Kan duwatsun Kafsiki
mai duba da ƙaguwa ya ɗora gilashina a hanci,
ya leƙa ƙwaryarsa, ya kece da dariya:
"Ita ke gani, ni baki ne kawai."
Matarsa Kwanye ta miƙo giyar dawa. Na ce a'a.
Ko gira ba ta ɗaga ba,
ta koma ta kawo gyaɗa da ruwan tulu.

Garwa kuwa dafa ni ta yi.
Zafinta kamar mai bin bashi, har dare yana ƙofa.
A bakin Binuwai wata 'yar kudu mai gasa kifi,
Madam Ngono,
ta zazzage mini Faransanci, yatsa a hancina,
muryarta har kan gada.
Na fara haɗa komatsaina.
Yaronta ya ce, "Ina za ka? Ai ciniki take!"
Ta biya ba ragi,
ta ɗora mini rogo naɗe a ganye, mai tsami,
ta tsaya a kaina sai da na cinye.

Gaundare: jar ƙasa, fiya, zuma a kwalba.
Na sayi rigar sanyi
da kuɗin da gumina bai bushe a kansu ba.
Jandarma a tashar jirgi ya juya katina:
"Kusiri? Can ba Cadi ba ne?"
Na nuna masa tauraron da ke kafaɗarsa,
na nuna wanda ke katina.
Ya ce in wuce.

Da magariba na ji ana kiran kunu da Hausa.
Na ruga kamar wanda ya ga uwa.
Inna Tasalla ta saurare ni, ludayi a sama,
ta ce, "Kai ɗan ina ne? Hausarka da warin Larabci."

Tabarau ɗaya ya rage, mai tsaga a hagu.
Na saka.
Kunun dai da zafi.